Ruwanmu Ba Shuɗi Ba Ne

Ni malamin firamare ne a Argungu, kuma cikin darussan da aka ɗora mini har da na zane da ƙere-ƙere. Duk wanda ya taɓa riƙe wannan darasi ya san yadda ake yi. Ka shiga aji, ka zana tulu ko kofi a allo, ka ce yara su kwafa. Mai fensir ya zana, marar fensir ya jira na kusa da shi ya gama. Fenti kuwa sai dai a gan shi a hoton littafi. Na shekara 3 a haka, kuma ni kaina na san cika lokaci kawai nake yi.

Wata rana da yamma cikin Disamba ina dawowa a mashin ta gefen fadama, sai na tarar an cinna wa tarin karan shinkafa wuta. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya ƙaru a wajenmu, kara ya yi yawa har wani lokaci makiyaya ba sa iya cinye shi. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya bugi ragowar tarin da wuta ba ta kai ba, sai ya yi wani irin ɗaukar ido kamar zinariya. Na tsaya ina kallo, na tuna lokacin da muke yara muna ƙera mota da tabarau da karan dawa, ba wanda ya saya mana komai, ba kuma wanda ya koya mana a aji. A wurin na ƙudura cewa a hutun nan zan haɗa hoto guda da abin da na tsinta kawai. In ya yiwu a hannuna, sai in kai wa yara.

Hoton da ke raina ba wani ba ne illa gulbin Matan Fada ranar bikin kamun kifi. Ina bakin ruwa a watan Maris na 2020, lokacin da bikin ya dawo bayan an yi kusan shekara 10 ba a yi ba. Da aka ba da alama, na ga mutane sun kwararo cikin gulbi da goruna da homa, wato ragar hannu, kamar an fasa rumbun gero. Tun 1934 ake wannan biki, tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu garin nan, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Amma ni ba taron nake son zanawa ba. Masunci ɗaya nake so, kwance a kan gorarsa, da jirgi can nesa, da giginya biyu a gaɓa.

Kuskurena na farko, na je inda ake bugun shinkafa na cika buhu da kara. Karan da aka buga a jikin durom ya riga ya farfashe, kana tsaga shi sai ya rabu zare-zare. Na koma washegari ina tsince-tsince, wani manomi ya tambaye ni ko akuya gare ni. Da na yi masa bayani ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya nuna mini gindin da lauje ya bari a ƙasa. Nan ne kauri yake, nan ne kuma ba a taɓa bugu ba. Ya ce in yi sauri, don jibi shanu za su shigo. Ni da ƙanena muka wuni muna yanka, muka dawo da dami biyu da ƙaiƙayi a duk jikinmu.

Uwargida ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dube mu, ta ce, "Malam, kowa shara yake fitarwa daga gida, kai kuma shigowa da ita kake yi."

Aikin kara shi ne mai cin rai. Sai ka fara zare rigar da ta lulluɓe shi, ka yanke gaɓoɓin, abin da zai rage maka tsakanin gaɓa da gaɓa bai cika wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ka jiƙa shi cikin ruwan ɗumi ya kwana. Da safe ka ɗauki ɗaya, ka sa bakin reza ka tsaga shi a tsaye ta gefe guda, ka buɗe shi da babban yatsa a hankali kamar mai buɗe wasiƙa. Cikinsa akwai wani fari-fari mai laushi, wannan sai an kankare shi, in ba haka ba karan ba zai kwanta ba. Da cokali na fara, yana yaga mini su. Daga baya na koma ga makankari, ɓawon nan da ake tsinta a bakin gulbi, wanda sunansa ma ya faɗi aikinsa. Bakinsa ba shi da kaifin ƙarfe, kuma yana zama daidai a hannu. In an kankare, sai a jera su tsakanin takardar buhun siminti a bi da dutsen guga na gawayi. Cikin kowane goma da na tsaga, huɗu ko biyar ke tsira. Reza kuwa kwana ɗaya take yi ta dakushe, don karan shinkafa na ɗauke da sinadarin silika, irin wanda ke cikin rairayi. Shi ne ma ke sa shi wannan ƙyallin da ya ja ni tun farko.

Wannan ƙyallin dai shi ya ba ni wahala wajen rini. Na je kasuwa wurin wani tsohon baduku na ce, "Baba, ja nake so, amma ba na kanti ba." Ya miƙo mini ƙullin karan dafi, wato rigar karan wata irin dawa da ba don ci ake shuka ta ba, don launinta ake yi. Da ita dukawa ke rina jar fatar nan ta akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa haurawa da ita Sahara, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su. Ya ce in daka, in jiƙa da ruwan kanwa, zan ga ja ya fito nan take. Haka aka yi, ruwa ya koma kamar jini. Na zuba karana ciki na bar shi ya wuni. Da na tsame na ɗauraye, sai launin ya bi ruwa, karan ya fito da ɗan ja-ja kamar wanda ya ji kunya.

Na koma na faɗa masa. Ya ce, "Fata tana shan rini don an jeme ta. Shi wannan naka wa ya jeme shi?" Ya ba ni shawara in tafasa karan da 'yar kanwa kafin in rina, kuma in har ja sosai nake so, in nemi kaba, don ita tana karɓar launi, shi ya sa masu faifai da tabarma ba su rabu da ita ba. Na gwada duka biyun. Tafasawa da kanwa ta sa karan ya koma rawaya mai duhu, ya kuma karɓi ja fiye da da, sai dai tukunyar farko na cika kanwa, karan ya yi lugub ya zama abincin akuyar da ba ni da ita. Kaba kuwa ta yi ja har da sheƙi. Na kuma gano da kaina cewa in ka matsa lemon tsami cikin ruwan karan dafi, jan yakan buɗe ya koma ruwan goro. Da wannan na yi sararin yamma.

Baƙi bai ba ni wuya ba. Na tsinci tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa na jiƙa su cikin ruwan tsamiya kwana 5, na dafa bagaruwa daban. Ka tsoma kaba a ruwan bagaruwa, ka fitar ka tsoma a ruwan ƙarfe, kana kallo za ta rikiɗe ta yi baƙi ƙirin. Dukawa da kashin maƙera suke yin nasu, suna ce masa kuloko. Wari gare shi, kuma ya bar mini farce baƙi har mako biyu.

Launin da na fi so kuwa ba rini ba ne, haɗari ne ya kawo shi. Gawayi ya yi wa dutsen guga yawa wata rana, karan ya soyu ya yi ruwan ƙasa. Maimakon in zubar, sai na ɗora rairayi a kasko kamar mai suyar gyaɗa, ina cusa bakin kara ciki ina ƙirga. In ka ƙirga biyar ya yi ruwan zuma, goma ya yi ruwan shayi, in ka wuce nan ka yi gawayi. Kara guda sai ya fito da duhu a gefe ɗaya, haske a ɗayan. Da irinsu na yi jikin jirgi da gangar giginya, suka fito da inuwa kamar an zana.

Allon da zan yi aikin a kai tsohon murfin kabad ne da na ciro daga tarkacen bayan ɗaki. Saura ruwa. A kaina, ruwa shuɗi ne, haka yake a kowane littafi, haka ni ma nake koya wa yara. Rinin baba sai an kai marina, ni kuma ba ni da haƙurin haka, don haka na saci jiki na sayo bular wanki, na dama da ƙaro, na shafe rabin allon. Na ce wannan kaɗai ne zan yi ha'inci a kai, ba mai sani.

Ina cikin shafa ta biyu Kawu ya yi sallama. Ƙanen mahaifiyata ne, masunci tun yana yaro, yanzu gwiwa ta hana shi shiga ruwa. Ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon allon.

"Wanga mi na?"

"Gulbi na, Kawu. Matan Fada."

"Matan Fadan wane gari?" Ya gyara zama. "Ɗan nan, shekarata nawa cikin ruwan ga, ban taɓa ganin shi awa rigar 'yan makaranta ba. Ruwanmu ba shuɗi ba na. Tashi ka tai ka duba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da la'asar na je na tsaya a gaɓa, na dubi ruwan da na girma a bakinsa kamar yau na fara ganinsa. Ruwan ƙasa ne, kamar kunun da aka dama da jar dawa, inda rana ta buga kuma yana walƙiya fari. Ranar biki ma in dubban ƙafafu suka tayar da laka, har kauri yake yi. Ko ɗigon shuɗi babu. Na dawo gida na kankare bular nan tas.

To da me za a yi ruwa mai launin laka in ba da laka ba? Na je can ƙasa inda masu tubali ke haƙa na ɗebo bokiti guda. Na dama, na shafa da kauri, na jingine allon a tsakar gida ya sha iska. Hunturu ne. Kafin gari ya waye ya tsattsage kamar ƙasan tafki a watan Afrilu, ina taɓawa yana zubowa ɓawo-ɓawo.

Inna ce ta cece ni. Na kai mata gaisuwa ina ba ta labari don ta yi dariya, sai ta ce ai ba a shafa laka tsurarta, ko ɗaki ake yaɓe sai an haɗa da ciyawa. Ta ce in nemo makuba. Ni na san makuba a baki kawai, ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa ruwan wajen daɓe, ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi, ruwa ba ya cinta da wuri. Tun da siminti ya shigo aka daina ganinta a cikin gari, kuma ɗorawa sai bazara take nuna, don haka a Disamba sai wanda ya adana. Na yi ƙauye biyu kafin na samu wurin wata tsohuwa da ta rataye ƙulli a zaure. Ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce in dai daɓe zan yi in kira ta ta gani, don ta daɗe ba ta ga namiji da makuba ba.

Ga yadda ta zauna a karo na uku, don na biyun ma ya fashe. Na manna tsohon buhun algarara a jikin allon don laka ta sami abin kamawa. Na busar da lakar, na daka, na tankaɗe da rariya. Na haɗa kashi biyu na laka da kashi ɗaya na rairayi mai laushi, da ɗan ƙaiƙayin shinkafa da aka daka. Makubar na jiƙa ta kwana biyu har ruwan ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta, da shi na kwaɓa. Shafi uku na yi, kowanne bai fi kaurin farce ba, kuma a cikin ɗaki na bar shi, na rufa masa ɗanyen tsumma don kada iska ta fizge ruwan da sauri. Da ya yi tauri amma da sauran sanyi a jikinsa, sai na ɗauki gindin kwalba ina gogawa, ina yayyafa ruwan makuba, ina gogawa. Wajen awa biyu ina wannan. Can sai na ga hasken taga ya kwanta a kan allon yana motsi in na motsa. Na kira uwargida, ta duba ta ce, "Wannan kam ruwa ne." Daga ranar ta daina kiran kayana shara, ko da yake ba ta yafe mini robar wankinta da karan dafi ya ɓata ba.

Walƙiyar saman ruwa da ɓawon kifi na yi ta. Tarwaɗa ba ta da shi, na karfasa ƙanana ne, na bargi ne manya masu zane a jiki. Masu gyaran kifi a kasuwa zubarwa suke yi, suka cika mini leda kyauta. Na wanke sau ɗaya na shanya, wanda ya zama ganganci. Dare ɗaya kyanwar maƙwabta ta watsa su, kiyashi suka yi layi har ƙarƙashin gado. Sai da na sake jiƙa su a ruwan toka, na cuɗa ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye da lemon tsami, sannan ƙarnin ya tafi. In suna bushewa nannaɗewa suke yi, don haka na jera su cikin tsumma na danne da dutsen niƙa. Na yanka su sirara kamar jinjirin wata. A nan na gane abin da ake nufi da tun ran gini tun ran zane, don a busasshiyar laka ba sa zama. Dole na sake yin wani siririn shafi a tsakiyar gulbin, na dasa su tun yana ɗanye.

Sauran ya tafi da sauri. Ƙaro na samo wurin malamin allon unguwarmu, cikin wanda yake haɗa tawada da shi. Na jiƙa, na tace, ya riƙe kara da kaba yadda ake so. Sama na shimfiɗa ta da kara a kwance, fari daga can ƙoli, rawaya a tsakiya, ruwan goro inda ta haɗu da gaɓa. Ganyen giginya kaba ce da na tsattsaga. Balbelu uku na yanka daga farin ɓawon kifi. Gora sakaina ce da na goge bakinta a kan siminti har ta yi zagaye. Masuncin baƙar kaba ne. Homa ce ta tsaya mini, na gwada zaren buhu ya yi kama da gashin tsohuwa, sai ranar nan ina wanka na dubi soson da ke hannuna. Busasshen soso daga dangar bayan gida, in ka yanka shi siriri, raga ce sak. Na lanƙwasa tsinken tsintsiya na yi masa baki.

Abu ɗaya ne ƙaro ya ƙi riƙewa, sakainar nan. Sau uku tana faɗowa. Na je wurin kafinta na roƙi farin gam a murfin kwalba. Shi ke nan abin kanti da ke jikin hoton, kuma na faɗa don kada wani ya gwada da ƙaro ya zage ni.

Mako 5 cif aikin ya ci, hutu ya ƙare ban gama ba. Ranar da na gama na aika aka ɗauko Kawu. Ya sa aka fito da allon haske, ya matso da fuskarsa kusa, ya shafa ruwan da bayan yatsa. Ya ce, "To, wanga ruwanmu na." Ban gama jin daɗi ba ya ɗora yatsa a kan masuncin. "Amma wanga yunwa za ta kashe shi. Wa ka shiga ruwa da homa guda? Biyu a ka riƙewa, dama da hagu, ka haɗa bakinsu." Ya buɗe hannuwansa ya rufe kamar tsuntsu mai fiffike. Sau nawa na ga haka da idona, amma ban gani ba.

Na ɓamɓare hannun hagun masuncin na sake masa wani, na ƙara homa ta biyu. Wurin da na ɓamɓare ya bar tabo a lakar, na goga da kwalba har na gaji bai ɓace ba. In ka tsaya ta gefe za ka gan shi.

Da na kai shi aji ban ce kowa ya kwafa ba. Na jingine shi a kan tebur na ce su zo su faɗa mini da me aka yi kowane abu. Soso suka fara ganewa, suka yi ta dariya. Wani yaro ɗan masunta ya ce ɓawon bargi ne tun ban tambaya ba. Makuba ce ba wanda ya sani, sai wata yarinya da ta ce kakarta na da ita. Na ce mako mai zuwa kowa ya zo da abin da ya tsinta a hanya, ban da abin saye, ban da abin da ke da rai. Sharaɗi na biyun bai hana wani zuwa da katantanwa da mai ita a ciki ba, muka same ta tana tafiya a kan rajista.

Hoton yana rataye a bangon ajin. Da damina ta kankama cikin Agusta, ƙaro ya sha danshi ya saki, kara biyu na sama suka ɗaga baki, balbelu biyu suka faɗo. Lakar kuwa ko gezau. Balbela ɗaya yara sun share ta da shara, ɗayar tana cikin aljihun teburina a kwalin ashana, ina jiran iskar hunturu ta dawo in mayar da ita.